Daga Kejin Kara Zuwa Kanarin Sao Tome

Ku ukun nan da kuka zo mini da takarda daga jami'a, kun ce sati biyu aka ba ku ku koyi kama tsuntsu da sa masa zobe. Ɗayanku ma ya nuna mini waya, ya ce yanzu idan tsuntsu ya yi kuka ita ke faɗin sunansa, abin da ya rage a kafa raga a koma inuwa a zauna. Ban musa masa ba, waya ta san sunaye. Sai dai ba ta taɓa riƙe abin da nauyinsa bai kai na goro ɗaya ba, yana haki, zare ya naɗe masa fiffike. Ku gyara zama a tabarmar nan in ba ku labarin yadda na shigo aikin, daga baya ku sake duba satin naku.

Aikina na farko feren kara ne. Kawu Ilu, ƙanin mahaifiyata, shi ne mai kama kanari a ƙauyenmu, nan kusa da Bagwai. Ina ɗan shekara goma sha biyu ya zaunar da ni a zaurensa, ya ajiye mini damin karan dawa da ƙaramar wuƙa. Ana ɓare bayan karan a tsattsaga shi siriri kamar tsinken tsintsiya, totuwar cikinsa kuma ita ce ginshiƙi, a jikinta ake soke tsinkayen ɗaya bayan ɗaya. Kejin tarko hawa biyu ne. A ƙasa ake sa tsohon kanari wanda ya saba da mutane, muna ce masa mai kira. A sama akwai ɗakuna biyu masu murfi, kowanne da ɗan tsinken da ya tokare murfin da guntuwar zangarniyar gero a ciki. Na daji ya ji kukan ɗan'uwansa ya sauko, ya taka tsinke, murfi ya faɗo. Wata uku ina yin keji. Kowanne na gama sai Kawu ya zura ɗan yatsansa ƙarami tsakanin tsinkayen. Idan ya shige, sai ya miƙo mini kejin ya ce, "Wannan na kaji ne, Sale. Sake."

Kafin ya bar ni in taɓa tsuntsu, tumatir ya ba ni. Nunanne luguf, ya ce in riƙe shi daga gida har gona in dawo, kada ya faɗi, kada kuma ya ga shaidar yatsa a jikinsa. Na ɓata tumatir ya fi a ƙirga. Daga nan ya nuna mini riƙon gaske: wuyan tsuntsu tsakanin manuniya da yatsan tsakiya, sauran yatsu su yi masa ɗaki, ba matsi. Tsuntsu da ƙirjinsa yake numfashi, ka danne ƙirjin ka kashe shi ba tare da ka sani ba. Dokokinsa ba su da yawa. Ba a kafa tarko da damina, lokacin suna kan ƙwai. Mace a sake ta nan take. Kuma ba a bin kanari a daji, sai dai a nemi inda yake ci da inda yake sha, a jira shi.

Masu sayen kanarinmu teloli ne da wanzamai da masu kanti, daga nan har cikin birnin Kano. Kowa da kunnensa. Akwai wani tela a Dawakin Tofa da ba ya sayen kanari sai an rataye kejin a shagonsa ya taka keken ɗinki. Idan tsuntsun ya ɗaga murya ya yi gasa da keken, ya saya. Wani wanzami kuma ya taɓa dawo mana da nasa bayan wata biyar, ransa a ɓace.

"Malam Ilu, tsuntsunka ya daina magana. Ko dai kurma ka ba ni?"

Kawu ya leƙa ƙasan kejin ya ga gashi ya zuba. Ya ce, "Riga yake sakewa. Kai ma idan kana sa riga ai ba ka waƙa. Ka ba shi ɗanyen ganye da dafaffen ƙwai kaɗan, ka kawar da shi daga bakin ƙofa. Nan da sati uku za ka roƙe shi ya yi shiru."

Haka kuwa aka yi. Shekara ashirin da wani abu ina wannan sana'a tare da noma, har Kawu ya rasu na gaji zauren da kejinan.

Wata safiya da rani na je bakin dam ɗin Watari zan kafa tarko, sai na tarar da wata mata da ɗalibanta sun miƙe wata baƙar raga tsakanin gora biyu. Zarenta siriri ne ƙwarai, idan an kafa ta gaban duhuwa ido ba ya ganinta, tsuntsu ya taho a guje ya faɗa cikin aljihunta. Wani gado, tsuntsun nan mai saƙa sheƙa, ya shiga ya cukuikuye, ɗalibai biyu suna ta ja, shi yana ihu yana cizonsu. Na tsaya ina kallo har na kasa daurewa. Na yi sallama na ce su ba ni. Na duba ta gefen da ya shiga, don ta nan zai fita. Na kama cinyoyinsa, na zare ƙafafu, na zame zaren daga fiffike ɗaya, sai ɗayan, na ƙarasa da kai, kamar ana cire wa jariri riga. Matar tana tsaye a bayana.

"Malam, a ina ka koyi wannan?"

"A wurin kawuna, Hajiya. Amma ni a keji na saba, yau na fara ganin irin ragar nan."

"Sunana Dakta Rabi, ina koyar da ilmin tsuntsaye. Gobe kana da aiki?"

Na ce ina da shi, amma zai iya jira. Tun daga ranar ban sake sayar da kanari ba, don ta ce ba a haɗa biyun, kuma na ga gaskiyarta.

Kayan aikin da ta damƙa mini su ne waɗannan da kuke gani a jakar nan. Raga shida. Jakunkunan ƙyalle, tsuntsu ɗaya a jaka ɗaya, don duhu yana kwantar masa da hankali. Zobba na ƙarfe mara nauyi, kowanne da lambarsa, girma-girma, daga na bainu har na zalɓe. Filaya mai ramuka, wadda ke rufe zobe a ƙafa ba tare da ta taɓa ƙashi ba. Rula ta auna fiffike, ƙaramin sikeli, da littafi. Zoben ya zama yana juyawa a ƙafa, amma kada ya zame ya sauka kan yatsu. Wanda aka kama bana a nan, baɗi wani ya kama shi a wata ƙasa, lambar ce za ta faɗi tafiyar da ya yi. Dokokin raga kuwa biyu ne, ta sa na maimaita su har na gaji: a zagaya kowace raga duk rabin awa, kuma da zarar ɗigon ruwan sama ya taɓa ka, a rufe raga kafin a yi komai.

A wurinta na san cewa tsuntsaye dangi-dangi ne. Gado da jan-baki da mulufi gida ɗaya suke, duk masaƙa ne. Hasbiya da kurciya da tantabara gida ɗaya. Ni da hannu na san haka tun da, don riƙonsu iri ɗaya ne, cizonsu iri ɗaya, amma ita ta ba ni tsarin abin. Ita kuma ta karɓi sunayen Hausa da kukan kowanne daga bakina tana rubutawa. Shekara huɗu muna haka a dam da fadamun Kunci, sai wata rana ta ce in je in yi fasfo.

"Akwai wani tsibiri a cikin teku, kudu da ƙasar nan, ana ce masa Sao Tome. Tsuntsayen dajinsa da yawa babu irinsu a ko'ina a duniya. Ana neman hannun da ba ya kashe tsuntsu. Na ba da sunanka."

Ragar farko da na kafa a tsibirin, a gefen wata tsohuwar gonar koko ce, da sanyin safiya. A cikin gari na riga na ga shirwa tana shawagi, na ji kurciya tana kuka kamar a bayan gidanmu, har na ce a raina ashe ba wani abu sabo. Sai ga abu ya faɗa raga. Na je na ga gado ne sak, bakinsa da idonsa da masifarsa duk na gado, amma ya ninka namu, hannuna da kyar ya rufe shi. Bayan kwana biyu muka kama wani ɗan'uwansa ƙarami, wanda ya bar cin tsaba ya koma hawan jikin itace yana tsintar ƙwari a ɓawo, har da saukowa kai ƙasa. Dakta ta ce ai tsibirin ba shi da maƙwaƙƙwafi, ba shi da cilakowa, kakanninsu ba su taɓa ƙetaro tekun ba. 'Yan dangin da iska ta jefo su can tun zamanin da, su suka raba ayyukan dajin a tsakaninsu. Shi ya sa ƙanana suka girma, wasu manya kuma suka ƙanƙance. Akwai wani mai dogon lanƙwasasshen baki, danginsa a nan manya ne masu yawo a fadama, can ya zama ɗan ƙarami yana kiwo a ƙasan daji. Sha-kauci, ɗan tsuntsun nan mai shan ruwan fure da kuka sani, can akwai nasa babba, baƙi mai dogon wutsiya, ya kai tsawon tafin hannuna har da wuyan hannu. Kuma da yawansu ba su iya tsoron mutum ba. Kana zaune za su sauko reshen da ke kusa su leƙa fuskarka.

Mai yi mana jagora wani dattijo ne ɗan tsibirin, Manuwel. A da maharbi ne, ya san dajin kamar tsakar gidansa. Harshen Fotugal yake ji, ni Hausa, Dakta ce ke fassara idan tana kusa. Idan ba ta nan, da fito muke magana. Ya yi kukan tsuntsu, in maimaita, ya nuna mini mai kukan. Ranar farko da ya ga na shimfiɗa buhu ina salla, ya tambayi Dakta abin da nake ci da abin da ba na ci. Washegari ya hau da sabuwar tukunya a kansa, ya ce wannan ta Sale ce, kifi da ayaba kawai za ta sani. Bai taɓa barin kowa ya taɓa ta ba.

Shi ya fara yi mini fiton babban kanari. Sauti biyu ne, na biyun ya ɗara na farkon tashi. Ina ji na ce wa Dakta wannan kanari ne, ko a mafarki na ji zan gane gidansu. Ta ce haka ne, kanari ne, kuma babu kanarin da ya kai shi girma a duniya. An daɗe ana zaton ya ƙare, sai aka sake ganinsa a can cikin dajin kudu inda ruwa ba ya ɗaukewa. Manuwel kansa, da ya tsufa a dajin, ya ce bai taɓa ganinsa da kyau ba, sai dai inuwa mai ruwan ƙasa a ƙololuwar itace. Babban abin da ya kai Dakta tsibirin ke nan: a kama ɗaya, a auna shi, a sa masa zobe, a sake shi. Tafiyar farko ba mu ko ji shi ba.

Tafiya ta biyu ita ce mummunar shekarata. Ranin tsibirin yana faɗowa daidai da daminarmu, don haka na yi shuka, na bar wa ƙanena gonar na tafi. Muka hau dajin kudu, tafiyar yini biyu a ƙafa, muka kafa zango a bakin wani rafi. Ranin bai zo ba. Kullum ruwa, raga ba ta samun awa uku a buɗe. A sati na uku zazzaɓi ya kwantar da Dakta a tanti, Manuwel kuma ya sauka ƙauye ɗauko abinci. Da safe gari ya ɗan washe, ta ce in buɗe raga huɗu a kan tudu, ni kaɗai.

Na gama zagaye na biyu ke nan sai na ji fiton, sauti biyu, daga cikin kwari a hagu da ni. Na amsa, ya amsa. Na ce bari in leƙa, minti goma ne. Na gangara. Yana gaba ina bi, kowane lokaci kamar itace na gaba ne. Ban duba agogo ba. Ɗigon farko ya same ni a can ƙasan kwarin, kafin in hauro ruwa ya ɓarke, ƙasa ta zama santsi, ina hawa ina zamewa. Da na iso raga an fi awa ɗaya. Tsuntsu biyar ne a ciki, duk sun jiƙe sharkaf. Na cire su na zuba huɗu a cikin rigata, jikin fatata, har suka ji ɗumi suka fara motsi. Na biyar babban sha-kauci ne. Ya riga ya sandare.

Babu wanda ya gani, kuma daji ne ta ko'ina. Na tsaya da shi a hannu na ɗan lokaci. Daga nan na rufe ragar, na saki huɗun da ruwa ya tsagaita, na sa mataccen a jakar ƙyalle na sauka zango. Na durƙusa a bakin tanti na faɗa wa Dakta yadda aka yi tun daga farko.

Ta ɗago daga shimfiɗarta ta dubi jakar. Sannan ta ce, "Ƙarfe nawa ka bar ragar?"

Na faɗa mata.

"Ɗauko littafi. Ka auna shi kamar yadda ake auna mai rai, ka faɗa mini in rubuta. Idan mun sauka za mu kai shi wurin jami'an daji, mu gaya musu."

"Dakta, za su karɓe takardar izininki."

"Wataƙila. Tsuntsunsu ne, Malam Sale. Mu baƙi ne."

Ba ta yi mini faɗa ba, ko a ranar ko bayanta. Jami'an suka saurare mu, suka ce a dakatar da kafa raga har sai sun duba. Aikin shekarar ya tsaya nan, duk wahalar da ta sha ta neman izini da kuɗin tafiya ta tafi a banza. Na dawo gida a tsakiyar damina na tarar ƙanena ya yi jinya, noman farko kawai aka yi, ciyawa ta shaƙe geron. Abin da na girba bai kai mu bazara ba, sai da na yi aikin ginin ƙasa a Bagwai muka ci. A majalisa ana tsokanata, ana cewa Sale na tsibiri ya je kiwon tsuntsun Turawa ya bar wa ciyawa gona. Shekara biyu ban ji daga Dakta ba sai gaisuwar salla. Ni dai duk Asabar ina zuwa dam in ƙirga kirinjijiya da balbela in rubuta, ko da ba wanda ya sa ni, don kada ido ya mutu.

A shekara ta uku, bayan an gama kaka, sai ga motarta a ƙofar gidana. Aka shimfiɗa mata tabarma, ta sha ruwa, ta gaisa da iyalina. Sannan ta ce an sake ba ta izini.

"Na ji daɗi, Dakta. Allah ya ba da sa'a. Wa za ki tafi da shi?"

"Na aika wa Manuwel cewa zan zo da wani. Ya ce gwiwarsa ta lalace, dutsen nan ba ya hawuwa gare shi yanzu. Amma in da mai tukunyarsa za a zo, zai hau ko da rarrafe. Ni ma ban nemi wani ba, gwada shi na yi."

Wannan karon da ɗan gajeren ranin tsibirin muka je, lokacin sanyinmu na nan, gona ba ta bukatata. Manuwel ya hau da sanda, tafiyar yini biyu ta zama ta uku. Da muka isa zangonmu na bakin rafi ya zauna a kan dutse ya ce iyakarsa ke nan, shi ne mai girki.

Kwana biyar ban kafa raga ko ɗaya ba, ƙasa nake dubawa. Na ce wa Dakta na bi shi sau ɗaya na ga abin da bin ya jawo, yanzu wurin cinsa zan nema. Ina bin gindin itatuwa ina tsintar ɓawon 'ya'yan itace. Wanda ɓera ya ci, za ka ga shaidar haƙori a gefe. Wanda biri ya ci, a tattaune yake a watse. A rana ta biyar, a ƙetaren rafin, tafiyar minti biyar daga zango, na tarar da wani itace mai ƙananan 'ya'ya, ƙasansa cike da ƙwallaye an fasa su biyu tsaf, an cinye cikin an yar da ɓawon. Haka kanari ke yi wa gero a keji, sai dai wannan ƙwallon ko da haƙorina ban iya fasa shi ba. Na kawo wa Dakta a tafin hannu. Ta juya su ta ce, "Kafa."

Matsalar ita ce a sama yake ci, ragarmu kuma tsayin mutum da rabi ce. Muka sari gora muka haɗa biyu-biyu, na ɗaura dutse a igiya na jefa ta kan wani reshe, muka ja ragar sama kamar ana ɗaga tuta, yadda za a iya sauke ta cikin ƙiftawar ido. Raga ɗaya tak na kafa, na zauna a gindinta da agogo a hannu. Fito kuma sau uku nake yi in yi shiru, don mai kiran da ya cika surutu korar na daji yake yi. Rana ta farko ba komai. Ta biyu ya amsa daga nesa. Ta uku ruwa ya sauko muka rufe. Ta huɗu da hantsi na yi fito, aka amsa a saman kaina, sai na ga gorar ta girgiza.

Muka sauke ragar a hankali, ni da Dakta. Ga shi a aljihu na biyu, ja-ja mai duhu kamar ƙasar tukunya da aka gasa, kai babba, baki kamar na aku don kauri. Na kama cinyoyinsa, ya juyo ya damƙi babban yatsana. Na sha cizon tsuntsu iri-iri, ban taɓa jin irin wannan ba. Ban janye ba, don in ka janye hannu za ka karya masa wuya. Na zare ƙafa, na zare fiffike, na zare kai, na sa shi a jaka. Dakta ta buɗe littafi.

Ta ce, "Minti goma, mu sake shi. Ba za mu wuce haka ba."

Na dubi ƙetaren rafi. Hayaƙin girkin Manuwel yana tashi ta cikin itatuwa. Ba a ɗaukar tsuntsu a kai shi wani wuri, inda aka kama shi nan ake sakinsa. Na ce, "Dakta, za ki iya aunawa ke kaɗai?"

Ta dube ni, ta dubi hayaƙin, ta ce, "Yi sauri."

Na tsallake rafin a guje. Na tarar da shi yana fere ayaba, wata kuma tana kan wuta. Na yi masa fiton, sauti biyu, na dunƙule hannuna na nuna masa alamar riƙo. Wuƙar ta faɗi daga hannunsa. Ya yunƙura zai tashi gwiwar ta ƙi. Sai na juya masa baya na durƙusa. Ya yi wata magana da harshensu, ina jin cewa yake shi ba yaro ba ne, amma ya hau. Tsoho ne mara nauyi, bai kai buhun gero ba. Na goya shi na shiga ruwan, yana kai mini cinya, duwatsu da santsi, yana riƙe da wuyana yana nuna mini inda zan taka.

Mun iso Dakta ta gama awo ta sa zobe. Na sauke shi a gindin itacen. Na kama hannunsa na gyara masa yatsu yadda aka gyara mini, biyu a wuya, sauran su yi ɗaki. Dakta ta sa masa tsuntsun a ciki. Ya kawo shi kusa da fuskarsa yana kallo, ya dubi bakin, ya dubi idon. Kanarin ya ga yatsa a kusa ya kama, har jini ya fito. Manuwel ya yi dariya ƙasa-ƙasa, bai motsa hannun ba. Dakta ta ce masa lokaci ya yi. Ya buɗe yatsunsa. Tsuntsun ya ɗan zauna a tafin hannunsa, ya girgiza jiki, ya tashi ya koma kan itacensa. Ba a jima ba muka ji ɓawo yana faɗowa, ya ci gaba da cin abincinsa.

Dakta ta ɗauko filasta za ta rufe masa ciwon, ya ɓoye hannun a bayansa ya yi magana. Na tambaye ta me ya ce.

"Ya ce a bar shi haka. Matarsa ta shekara arba'in tana cewa tsuntsun nan ƙaryar maharba ce, yana so ya kai mata shaida."

Muka naɗe raga, na sake durƙusa masa. Wannan karon bai yi gardama ba. Muna tsakiyar rafi ya fara fiton a kunnena, amma murna ta sa ya kasa haɗa leɓe, sautin na biyu yana fita a karkace. Na yi masa daidai, ya sake, ya kuma karkacewa. Haka muka yi ta yi har muka hau gaɓa, inda muka tarar ayabar da ya bari a wuta ta ƙone ƙurmus. Ita muka kankare muka ci, mu uku, kuma ban ji wanda ya yi ƙorafi ba.